Wa Ke Riƙe da Makullin Kwamfutar Shago?

A Gummi, ko Anka, ko Nasarawar Burkullu ta ƙaramar hukumar Bukkuyum, ba ka rasa shagon cajin waya inda ake tura fina-finai da wa'azi da waƙoƙi a memori. Ko da aka katse layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumbar 2021, wannan sana'a ba ta buƙaci sabis ba, kebul da kwamfuta sun wadatar. Matsalar ita ce sau da yawa maigida da yaron shago da abokin yaron duk da suna ɗaya suke shiga kwamfutar, sunan mai cikakken iko, wato admin.

Kwamfuta ba ta san fuskar kowa ba, sunan da aka shiga da shi take dubawa. A tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a Bell Labs ta Amurka a 1969, kowane fayil yana ɗauke da izini uku: karantawa, rubutawa, kunnawa. Jama'a ma an kasa su uku: mai fayil, rukuninsa, sai sauran mutane. Karantawa lambarta 4, rubutawa 2, kunnawa 1. In ka ga 660, mai shi da rukuninsa suna karantawa suna rubutawa, sauran mutane kuwa sifiri. Baƙo dai iyakarsa zaure.

Har na'urori ma fayil aka mayar da su. A Linux, mai bin tsarin Unix, faifan ajiya da kyamara da filashin da aka soka duk suna da suna a cikin foldar /dev. Wanda ya sami izinin rubutu a kan fayil ɗin faifai yana iya share komai a lokaci guda, ba tare da ya bi ta kan izinin ƙananan fayiloli ba. Shi ya sa ba a ba kowa shi. Wayar Android, wadda a kan Linux aka gina ta, tun 2015 take tambaya kafin manhaja ta taɓa kyamara ko makirfo.

Windows da ke shagunanmu tsarinta daban ne, amma manufa ɗaya. Tun fitowar Windows Vista a 2007 take tsayar da kai kafin wata manhaja ta sauya mata tsari, mu kuwa sai danna amincewa, ko karantawa babu. Bairos ɗin da ya shigo ta filashin kwastoma da ikon wanda ke kan kwamfutar yake aiki. Da yaron shago da ƙaramin suna, wato marar cikakken iko, ya shiga, da ɓarnar ta ragu, ko da yake hakan ba zai hana ta bin memorin wani ba.

Memorin nan kuwa shi ne ya fi ban tsoro. Yawancinsu da tsarin FAT32 ko exFAT suke zuwa, wanda ba ya rubuta sunan mai fayil, balle izini. Matar da ta aiki ƙaninta da memorinta a sa mata fim, ta miƙa hotunan bikinta da hoton katin NIN ɗinta ga duk wanda ke kan kujerar. Kwafe su ba ya barin alamar da za ta gani.

Masu shago, ku buɗe wa yaranku ƙaramin suna, kalmar sirrin admin ta tsaya wurinku. Mai zuwa turi kuma ya ware memori guda na fim kawai, na hotunan iyali ya bar shi a gida.