Yadda ake ƙara wa bargo ɗumi

 

Yau hirarmu a kan bargo take. Za mu tafi nesa, ƙasar Amurka da ƙasashen Turai, mu ga yadda waɗansu mutane suke ƙara wa bargonsu ɗumi. In mun gani, sai mu komo gida mu duba abin da zai amfane mu. Ka karanta sannu-sannu. Inda ba ka gane ba, ka koma baya ka sake.

Daga ina ɗumi yake fitowa?

Ka ɗauki bargo ka rufe dutse da shi, ka bar shi har safe. In ka taɓa dutsen, za ka ji shi da sanyi. Ashe bargo ba shi da zafi na kansa. Zafin daga jikinka yake fitowa. Jikin mutum mai lafiya yana da zafi digiri 37. Aikin bargo shi ne ya tsare wannan zafi, kada ya gudu.

To, da me yake tsare shi? Da iska. Iskar da ke kaɗawa tana kwashe zafin jiki. Amma iskar da aka kulle wuri ɗaya, ba ta motsi, ita ce ke hana zafi wucewa. Ka dubi kaza da sanyin safiya. Tana buɗa gashinta, ta kumbura kamar ta yi ƙiba. Iska take tarawa cikin gashin, don ta ji ɗumi.

Ka riƙe wannan magana da kyau, domin ita ce tushen hirarmu. Bargo mai ɗumi shi ne wanda ya kumbura, ya riƙe iska da yawa. Nauyi kaɗai ba ya kawo ɗumi.

Masu kwana a gadon lilo

A Amurka da Turai akwai mutane masu son yawon daji. In sun samu hutu, sai su goya kaya, su shiga daji ko su hau duwatsu, su kwana can. Waɗansu suna kafa tanti. Waɗansu kuma suna kwana a gadon lilo, wato ƙyalle mai ƙarfi da ake ɗaurewa tsakanin itace biyu, mutum ya kwanta ciki yana reto.

Wannan gado ya daɗe a duniya. A shekara ta 1492, da Kolumbus ya isa tsibiran Karibiyan, ya tarar da mutanen wurin suna kwana a cikinsa. Daga nan ma'aikatan jiragen ruwa na Turai suka ɗauka.

Gadon lilo yana da daɗin kwana, amma yana da aibi guda. Iska tana bi ta ƙarƙashinsa dukan dare. Ko sanyi bai yi tsanani ba, mutum yakan farka ya ji bayansa ya yi sanyi ƙarara. In ya shimfiɗa bargo a ciki ya kwanta a kai, nauyinsa zai danne bargon, iskar ciki ta fita, ɗumi ya tafi.

Saboda haka suka yi dabara. Suna amfani da bargo biyu. Ɗaya suna rufa da shi. Ɗayan kuma suna rataye shi daga waje, a ƙarƙashin gadon, ya manne da bayansu. Tun da ba a kwanta a kansa ba, ba ya dannewa.

Abin da ake zubawa a ciki

Wannan bargo ba saƙa shi ake yi ba. Ƙyalle biyu ne marasa nauyi, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ana raba tsakaninsu da ƴan ƙyallaye, ya zama dogayen aljihuna a jere. Cikin aljihunan nan ake zuba lallausan gashin agwagwa ko na dinya.

In an fige agwagwa, ka duba ƙirjinta. Ƙarƙashin manyan gashin akwai wani ƙarami, mai laushi kamar auduga, ba shi da tsinke mai tauri. Shi ake nufi. Ƙasar Sin ce ta fi kowa samar da shi, daga agwagin da ake kiwo don nama. Ƙasashen Hungari da Folan kuma sun yi suna wajen na dinya.

Ana auna kyan gashin da irin kumburin da yake yi. Mai kyau ƙwarai, giram 28 kaɗai yana cika wuri kamar lita 13. Matsakaici kuwa yana cika kamar lita 10. Ka ga abu kaɗan, ga iska mai yawa. Shi ya sa masu yawon daji suke son shi, domin duk kayansu a baya suke goyawa.

Me ya sa ake yin ƙari?

Dalili na farko, gashi yana zamewa. In aljihu bai cika ba, gashin yakan gangara gefe ɗaya, ya bar wani wuri fayau. Ta wannan wuri sanyi yake shiga. Rami ɗaya ya isa ya hana mutum barci.

Dalili na biyu, tsufa. Zufa da maiƙon jiki da ƙura suna sa gashi ya dunƙule. Waɗansu kuma suna fita ta wurin ɗinki. Bayan shekaru, bargo ba ya kumbura kamar da.

Dalili na uku, mutane ba ɗaya ba ne. Wani ya fi wani jin sanyi. Bargon da ya ishi wannan, wancan yana makyarkyata a cikinsa.

Yadda suke yin aikin

1. Da farko suna wanke bargon, su busar da shi sarai. Sau da yawa wanki kaɗai yana maido da kumburi, ba sai an yi ƙari ba.

2. Suna ɗaga bargon wajen haske. Inda haske ya ratsa, nan ne gashi ya yi kaɗan. Sai su sa alama.

3. Suna yin lissafi. A ce bargo yana da aljihu 10, da gashi giram 300. In ana so a ƙara kashi ɗaya cikin goma, giram 30 ke nan. A raba 30 gida 10, kowane aljihu ya samu giram 3. Waɗansu sukan fifita aljihunan tsakiya, domin su ne daidai bayan mutum.

4. Suna shiga ɗaki su rufe ƙofa da taga. Gashin nan ba shi da nauyi. Ko atishawa aka yi, sai ya watse.

5. Suna farke ɗinki a bakin aljihu ɗaya, daidai shigar hannu. Su auna gashin a sikeli, su dunƙule shi a tafin hannu, su tura can ciki.

6. Suna ɗinke wannan aljihu kafin su buɗe na gaba. Ɗinkin ƙanana ake yi, kusa da kusa, don kada gashi ya fita.

7. In sun gama, sai su kaɗa bargon, su bubbuga shi da hannu, har gashin ya bazu ko'ina.

Ƙari yana da iyaka

Wani zai ce, tun da gashi ne ke kawo ɗumi, bari in cusa da yawa. A'a. Ka tuna da tushen maganarmu. Aljihu yana da iyakar girmansa. In ya cika, ba inda gashin zai kumbura kuma. Daga nan, ɗumin da ake samu ba ya kai nauyi da kuɗin da aka ƙara. In an matsa ƙwarai, bargon ya yi tauri, ya ƙi bin jiki, iska ta riƙa shiga ta gefe.

Shi ya sa masu ɗinkin bargon nan sukan tsaya kan ƙarin kashi ɗaya zuwa uku cikin goma. Wanda yake son ɗumi fiye da haka, sai ya nemi bargo mai manyan aljihuna, ko ya haɗa bargo biyu.

Abu biyu kuma suke kiyayewa. Na ɗaya, ruwa. Gashin da ya jiƙe yana mannewa, ba ya riƙe iska, ba ya tsare zafi. Na biyu, ajiya. Ba sa barin bargo a matse cikin ƙaramar jaka wata da watanni. Suna rataye shi, ko su sa shi cikin babban buhu.

Mu komo gida

Kai mai karatu, wataƙila kana cewa, ina ruwana da gashin dinya? To, saurara. Ɗari ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A watan Disamba da Janairu, in hunturu ya sauka, kowa ya san yadda asuba take a Tawa da Damagaram da Maraɗi. A arewa, wajen duwatsun Ayar da Bilma, wani dare sanyi yana kai kusan digiri 0. Makiyaya da masu gadi da masu noman rani da matafiya, da yawansu a waje suke kwana.

Mu ma muna da abin zubawa. Muna da audugar rimi, muna da audugar gona. Zaren audugar rimi yana da rami a cikinsa, cike da iska. Shi ya sa ba ta da nauyi, har a da da ita ake cika rigunan da ke hana mutum nutsewa a ruwa. Kakanninmu ma sun san wannan ɗinki. Ka dubi lifidin dawaki ranar hawan salla. Ƙyalle biyu ne, da auduga a tsakani, an bi da ɗinki don kada ta zame.

Ga abin da za ka iya yi kafin ɗari ya shigo:

In matashin kai ko katifa ko bargonka mai auduga ya kwanta, ka farke shi. Ka fitar da audugar, ka shanya a rana, ka tsinke dunƙulen da hannu. In audugar gona ce, a gurza ta, a shiɓe ta har ta tashi. Sa'an nan ka mayar, ka ƙara sabuwa daidai yadda za ta cika wuri. Kada ka danna ta.

In ba ka da bargo, tsofaffin zannuwa biyu sun isa. Ka shimfiɗa ɗaya, ka baza auduga a kai, kauri ɗaya ko'ina. Ka rufa na biyu, ka bi da ɗinki layi-layi, tazarar tafin hannu. Kada ka ja zaren da ƙarfi har audugar ta matse. Tela ma zai iya yi maka.

Kada ka manta da ƙarƙashinka. Gadon kara da gadon ƙarfe kamar gadon lilo suke, iska tana bi ta ƙasa. Ƙasa kuma tana shan zafin mai kwana a kanta. Ka sa shimfiɗa mai kauri, ko tabarma biyu, ko buzu, ko busasshiyar ciyawa ƙarƙashin tabarma.

Gargaɗi

Audugar rimi tana kama wuta nan da nan. Kada ka yi aikinta kusa da fitila ko murhu ko taba. Ka ɗaure hancinka da ƙyalle, domin ƙurarta tana sa tari.

Mutane da yawa, in ɗari ya matsa, sukan shigar da garwashi ɗaki, su rufe ƙofa su kwanta. Wannan babban haɗari ne. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba a ganinta. Tana kashe mutum cikin barci. Ga kuma gobara. Bargo mai kyau ya fi garwashi aminci. Rigakafi ya fi magani.

Jarirai da tsofaffi su ne sanyi ya fi cutarwa. A fara da su. A sa wa jariri riga da hula, a rufe shi zuwa ƙirji. Kada a rufe masa fuska, kada kuma a kwantar da shi kan matashi mai laushi, don kada numfashinsa ya toshe.

Tambayoyi

Ku tattauna waɗannan da abokan karatunku, kowa ya rubuta amsa a littafinsa:

1. Daga ina ɗumin bargo yake fitowa?
2. Me ya sa ake rataye bargo a ƙarƙashin gadon lilo?
3. Bargo yana da aljihu 8. Ana so a ƙara giram 40. Giram nawa kowane aljihu zai samu?
4. Me zai faru in an cusa auduga fiye da kima?

Wanda ya gwada gyaran bargonsa, ya kawo shi aji, kowa ya taɓa ya gani. Gani ya kori ji.

Mu kwana nan. Sai mako mai zuwa.