Cutar da kan ɓulla shekaru bayan tiyatar zuciya

Wanda aka yi wa tiyatar zuciya ya warke ya koma gida, da wuya ya danganta zazzaɓin da ya kama shi bayan shekaru uku da ɗakin tiyata.

To amma likitoci sun gano wata ƙwayar cuta mai suna Mycobacterium chimaera, wadda kan laɓe a jiki tsawon wannan lokaci, wani jiƙon ma har ta kai ga ƙwaƙwalwa.

Ƙwayar dai dangin ta tarin fuka ce, kuma a cikin ruwa da ƙasa take rayuwa. Ba kasafai take cutar da mai ƙoshin lafiya ba.

Yadda aka gano ta

Likitocin asibitin jami'ar Zurich da ke ƙasar Suwizalan ne suka fara ba da rahoton cutar a shekarar 2013, kana a 2015 suka bayyana cewa sun same ta a jikin mutane shida da aka yi wa aikin zuciya.

Bincike ya kai su ga wata na'ura mai tankin ruwa, wadda ake daidaita ɗumin jinin majinyaci da ita a yayin da aka tsayar da bugun zuciyarsa.

Ruwan ba ya haɗuwa da jini. Sai dai fankar na'urar kan feso ƙwayoyin cutar cikin iska, su sauka a ƙirjin da ke buɗe, su manne wa bawul ɗin da aka dasa a zuciya.

A watan Oktoban 2016, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi gargaɗin cewa mai yiwuwa na'urorin samfurin 3T na kamfanin LivaNova sun gurɓata ne tun daga masana'anta a Jamus.

Hukumar ta ƙiyasta cewa a asibitin da aka taɓa samun cutar, haɗarin kamuwa yana tsakanin mutum 1 cikin 100 da 1 cikin 1,000.

Alamominta

Ƙwayar tana girma ne sannu a hankali, shi ya sa alamun kan ɗauki watanni ko shekaru kafin su bayyana.

Sun haɗa da zazzaɓi mai naci, da gumin dare, da rama, da kasala, da ciwon gaɓoɓi.

Daga zuciya jini kan kwashe ta zuwa hanta da ƙoda da ɓargo da idanu. Idan ta isa ƙwaƙwalwa, wanda ba safai yake faruwa ba, takan haddasa kumburi da ruɗewa.

Kusan rabin waɗanda aka tabbatar sun kamu a rahotannin farko sun rasu.

Abin lura ga Zamfara

A arewacin Najeriya, lalacewar bawul ɗin zuciya sakamakon ciwon maƙogwaron da ba a yi maganinsa ba tun ana yara, na cikin dalilan da ke kai matasa ga tiyata. Da dama kan tafi Indiya ko Masar domin aikin.

Idan irin wannan majinyaci ya dawo Shinkafi ko Zurmi ko Ƙauran Namoda, ya yi nisa da likitan da ya yi masa aiki.

Zazzaɓinsa zai yi kama da na cizon sauro ko taifot. Rama da gumin dare za su sa a zargi tarin fuka, alhali gwajin GeneXpert ba ya gano wannan ƙwaya. Ruɗewa kuwa za ta tuna wa jama'a annobar sanƙarau ta 2017, duk da cewa wannan cuta ba ta yaɗuwa tsakanin mutane.

Tabbatar da ita na buƙatar rainon jini na musamman a ɗakin gwaji, wanda kan kai makonni shida ko fiye.

Magani kuma haɗin magunguna ne da ake sha na tsawon shekara guda ko fiye, kuma sau da yawa sai an sake tiyata an canza bawul ɗin.

Likitoci na jaddada cewa haɗarin ƙin yin tiyatar da ta wajaba ya fi na wannan cuta nesa ba kusa ba.

Shawararsu ita ce majinyaci ya adana takardun asibitinsa, kuma duk lokacin da zazzaɓi ya ƙi jin magani, ya shaida wa likita cewa an taɓa buɗe masa ƙirji, komai daɗewar aikin.