SHIRYE-SHIRYEN YARA A TALABIJIN: ABIN DA YA KAMATA IYAYE SU SANI

A zamanin da, tasha ɗaya ta talabijin ita ke ɗauke da kowa da kowa. Akan raba yini kashi-kashi: labarai da lokacinsu, wasan kwaikwayo da lokacinsa, yara kuma a ba su 'yan sa'o'i da yamma bayan an taso daga makaranta. Haka aka saba a Nijeriya, inda shirin tatsuniyoyin nan na NTA, Tales by Moonlight, wanda aka fara a 1984, ya riƙa tara yara a gaban akwati ɗaya. Wannan tsari ya soma kaucewa a ƙasashe da dama, domin ana kwashe shirye-shiryen yara ana mai da su tashoshi nasu na kansu. Abin da ya faru a Birtaniya ya isa misali.

Yadda Aka Yi a Birtaniya

A ranar 11 ga Fabrairu, 2002, BBC ta buɗe tashoshi biyu na yara zalla. CBeebies ta ƙananan yara ce, 'yan shekara shida zuwa ƙasa, CBBC kuwa ta waɗanda suka ɗan tasa. Amma ba a cire shirye-shiryen yara daga manyan tashoshin nan biyu, BBC One da BBC Two, nan take ba. Sai da aka shekara goma ana nuna su nan da can, saboda a lokacin ba kowane gida ke iya kama sababbin tashoshin ba.

A watan Oktoba na 2012 aka kammala sauya ƙasar daga tsohon tsarin watsa shirye-shirye zuwa tsarin dijital. Bayan haka ne, a watan Disamba na shekarar, BBC One ta daina ware wa yara lokacinsu na yamma. Har shirin Blue Peter, wanda ake nunawa tun 1958, da Newsround, labaran yara da aka fara a 1972, suka koma CBBC. Ita ma ITV ta buɗe tasharta ta yara, CITV, a 2006, sa'an nan ta rufe ta a 2023, ta mai da yawancin shirye-shiryen zuwa intanet.

Dalilan Sauyin

Dalili na farko shi ne fasaha. A tsohon tsari, zango ɗaya tasha ɗaya yake ɗauka. A tsarin dijital kuwa ana matse hoto da murya yadda zango ɗaya zai ɗauki tashoshi da yawa, saboda haka wuri ya samu. Na biyu, yaran da kansu sun riga sun koma tashoshinsu, masu kallon shirinsu a babbar tasha suka ragu ƙwarai. Na uku, kuɗi. A 2010 aka tsayar da kuɗin lasisin talabijin, wanda da shi BBC ke gudanar da aikinta, a kan fam 145.50 a shekara, dole ta tsuke bakin aljihu.

Amfani da Illa

Amfanin a fili yake. Uwa ta san tashar da za ta kunna wa ɗanta ba tare da fargabar abin da bai dace da shekarunsa ba. Shirye-shiryen sun yawaita, an kuma tsara su daidai da shekarun masu kallo.

Amma fa akwai abin lura. A da, tasha ce ke yanke wa yaro lokaci: da zarar an shiga labarai, ya tashi ya kama karatunsa. Tashar yara kuwa tun safe take har magariba ta wuce, na intanet ma ba ya ƙarewa. Har ila yau, idan shirin yaro yana tashar da manya ke kallo, uba yakan ga abin da ɗansa ke gani ko bai yi niyya ba. In an raba tashoshi, an raba zama ke nan.

Inda Abin Ya Shafi Nijeriya

Nijeriya ma ta kama hanyar dijital a ƙarƙashin hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin. An fara da Jos a watan Afrilu na 2016, Abuja ta biyo baya a wannan shekara, Kaduna a 2017, Legas da Kano kuwa a 2021. Darasin Birtaniya shi ne ba a gaggauta ba: an jira sai da aka gama sauyin a duk faɗin ƙasa kafin a kwashe shirin yara. In aka kwashe da wuri, ɗan gidan da ba shi da dikoda shi zai tashi a tutar babu.

Saboda haka ana jawo hankalin iyaye ga abubuwa uku. Su san sunayen tashoshin da 'ya'yansu ke kallo da irin abin da ke cikinsu. Su yanke lokacin kunnawa da kashewa, kada kallo ya ci lokacin karatu, barci ko aikin gida. Su kuma riƙa zama tare da yaran lokaci-lokaci, suna tambayarsu abin da suka fahimta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Aikin da agogon tasha ke yi a da, yanzu ya dawo hannun uwa da uba.