Da Safe Ko Gobe? Bayanau Na Lokutan Yini A Jamusanci

Yau za mu ɗan leƙa gidan maƙwabta. Wani ɗalibi mai koyon Jamusanci ya turo mana tambaya, ya ce ya rubuta wa malaminsa "Ich komme morgens", nufinsa zai zo gobe, sai malamin ya fahimci cewa da safe yake son a riƙa yin darasin. Harafi ɗaya tak, wato "s", shi ya ɓata alƙawarin. To bari mu warware abin daki-daki, domin a ciki akwai darasin da ya shafi Hausarmu ma.

Jamusawa sun raba yini gida shida, kowanne da sunansa:

der Morgen: safiya
der Vormittag: hantsi zuwa kafin tsakar rana
der Mittag: tsakar rana
der Nachmittag: bayan tsakar rana zuwa wajen ƙarfe 6
der Abend: daga wajen ƙarfe 6 zuwa lokacin kwanciya
die Nacht: dare

Waɗannan duk sunaye ne, kuma a ƙa'idar rubutun Jamusanci kowane suna da babban baƙi yake farawa, ko da a tsakiyar jimla yake. Idan ana son mayar da su bayanau, sai a liƙa musu ɗafa-ƙeyar "s", a kuma rubuta su da ƙaramin baƙi: morgens, vormittags, mittags, nachmittags, abends, nachts.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai nazarin Hausa. Mu ma muna fitar da bayanau daga suna. "Safiya" suna ne, "safe" bayanau ne, shi ya sa muke cewa "safiya ta yi" amma "ya zo da safe". Haka "zuciya" da "a zuci". A "rana" da "dare" kuwa rubutu ba ya nuna bambancin, sai kunne. Furta "rana ta faɗi" sannan ka furta "ya zo da rana", za ka ji wasalin ƙarshe ya gajarce a ta biyun. Ke nan Hausa ragewa take yi, Jamusanci kuma ƙarawa.

Daga ina wannan "s" ta fito? Tsohuwar alamar mallaka ce ta sunaye maza. A da ana cewa "des Morgens" da "des Abends", har yanzu ma akan ci karo da su a littattafai. Abin sha'awar shi ne "die Nacht" mace ce, a ƙa'ida ba ta da rabo a wannan "s". Zama da madaukin kanwa ne ya ja mata, ta bi sahun 'yan uwanta ta zama "nachts".

Ta fuskar ma'ana, waɗannan kalmomi sun fi nuna abin da aka saba yi. A Hausa a nan ne muke kawo "kan" ko "kullum":

Ich trinke morgens Tee. (Nakan sha shayi da safe.)
Er arbeitet nachts. (Da dare yake aiki.)

Idan ka fara jimla da bayanau, kada ka manta aikatau ba ya barin gurbi na biyu. "Abends lese ich" ake cewa (da yamma nakan yi karatu). "Abends ich lese" kuskure ne, kuma mai tunani da Hausa ya fi saurin faɗa masa, don mu wakilin suna muke gabatarwa.

In kuwa rana ɗaya takamaimai ake nufi, sai a koma ga sunan: "am Morgen", "am Abend", amma "in der Nacht". Ko a haɗa da yau da jiya: "heute Morgen" (yau da safe), "gestern Abend" (jiya da yamma). Kafin gyaran ƙa'idar rubutu na 1996 ana rubuta "heute abend" da ƙaramin baƙi, don haka in ka gan shi a tsohon littafi kada ka ce marubucin ya yi kure.

Yanzu ga inda ɗalibinmu ya yi tuntuɓe. Kalmomi uku ne masu kama da juna:

Morgen (babban baƙi): safiya
morgen (ƙaramin baƙi): gobe
morgens: da safe

Abin da ya kamata ya rubuta shi ne "Ich komme morgen". Idan kuma gobe da safe yake nufi, Bajamushe ba ya cewa "morgen Morgen", sai dai "morgen früh", kamar ka ce gobe da wuri.

Wani tarkon kuma shi ne iyakokin lokaci ba su zo daidai da namu ba. Ƙarfe 4 na yamma a wurinsu "vier Uhr nachmittags" ne. Ƙarfe 8 da muke kira na dare, su "acht Uhr abends" suke cewa. Wato "Abend" ya ɗebi ƙarshen yammarmu ya haɗa da farkon darenmu. Mu rana muke kallo, da ta faɗi almuru ya yi, dare ya shigo. A Jamus kuwa a watan Yuni rana kan wuce ƙarfe 9 ba ta faɗi ba, a Disamba kuma tun wajen ƙarfe 4 duhu ke farawa, saboda haka agogo ya fi zame musu ma'auni. Shi ya sa in ka shiga wuri ƙarfe 9 na dare, gaisuwarka "Guten Abend" ce. "Gute Nacht" sallama ce ta mai shirin kwanciya, daidai da "sai da safe".

Sai batun ranakun mako. A lissafin Bahaushe na gargajiya dare ne ke gaba, don haka "daren Juma'a" shi ne daren da in gari ya waye Juma'a ce. "Freitagabend" kuwa yammacin Juma'ar kanta ne, bayan an yini. Mai fassara ya kula da kyau, in ba haka ba ya sa mutum ya je biki kwana ɗaya kafin a fara. Amma su ma akwai ɓurɓushin irin lissafinmu a harshensu: a arewaci da gabashin Jamus ana kiran Asabar "Sonnabend", wato jajiberin Lahadi.

Ga ɗan aikin gida. Ku mayar da waɗannan zuwa Jamusanci:

1. Nakan yi karatu da dare.
2. Zan zo gobe da safe.
3. Jiya da yamma na sha shayi.

A ta farko akwai amsa biyu da za su iya zama daidai, ya danganta da ƙarfe nawa kake karatun. Wanda ya gano su ya faɗa mana dalili. Sai mun ji daga gare ku.