Shukar Lalle

Lalle ƙaramin itace ne mai son rana. Yana da ƙananan ganyaye da fararen furanni masu ƙanshi. In yana samun ruwa, ganyensa ba ya kaɗewa, rani da damina. Ana shuka shi a ƙasar Hausa, da Sudan, da Masar, da Indiya. Mutanen Masar sun san amfaninsa tun fiye da shekara 3,000 da suka wuce.

Wanda zai shuka lalle a lambu, sai ya zaɓi wurin da rana ke bugawa tun safe har yamma, gama a inuwa ba ya yin kyau. Ya fi son ƙasa mai rairayi. Inda ruwa ke kwanciya saiwarsa takan ruɓe.

Akan shuka shi ta hanya biyu. Ta fari ita ce da iri. Ɓawon irin yana da tauri, saboda haka akan jiƙa shi 'yan kwanaki kafin a shuka. Ta biyu ita ce a yanko reshe mai ƙwari, tsawonsa kamar taƙi ɗaya, a kafa shi a farkon damina. Sai a kewaye shi da shinge, don kada awaki su cinye tohon. Aikin wata uku akuya takan ɓata shi a yini guda.

In ya girma, sai a riƙa datse kansa. Datsewar ita ke sa ya yi rassa da ganye mai yawa. In aka bar shi, yakan fi mutum tsawo, tsofaffin rassansa kuma su yi ƙaya.

Ganyen da aka tsinka, a inuwa ake shanya shi. In ya bushe a daka, a tankaɗe, a kwaɓa da ruwa, sa'an nan a yi ƙunshi, musamman a lokacin biki da salla.

Lalle na gaskiya ja yake kamawa. Akwai wani baƙi da ake sayarwa, wanda aka gauraya da maganin rina gashi. Wannan yakan ƙone fatar waɗansu, har ya bar tabo. Wanda ya shuka nasa kuwa, ya san abin da ya sa a hannunsa.

Tambayoyi
1. Wace irin ƙasa lalle ya fi so?
2. Don me ake datse kansa?
3. Mene ne haɗarin baƙin lalle?