Shin Ko Kun San? Nagatif Mai Faɗin Tafin Hannu

Shin ko kun san har yau akwai masu ɗaukar hoto da fim falle-falle, mai inci 4 da 5 ko 8 da 10? Irin kyamarar nan ce da mai hoto ke lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle. Da irinta Ansel Adams na Amurka ya yi suna, haka ma Seydou Keïta a Bamako. Falle ɗaya na 4 da 5 ya ninka na fim mai milimita 35 fiye da sau goma sha biyu.

Rigimar tana wajen shigar da shi kwamfuta. A 1957 Russell Kirsch ya fara yin sikanin, da hoton jaririnsa: ɗigo 176 a tsaye, 176 a kwance. Yau falle ɗaya na 4 da 5, in aka ɗauke shi a ɗigo 2,400 kowane inci, zai ba da ɗigo miliyan 115, fayil mai launi ya doshi megabait 700.

Ko kun san lambar jikin kwali cika-baki ce? Na'urar sikanin Epson V850, wadda ta fito a 2014, an rubuta mata ɗigo 6,400 kowane inci, amma masu gwaji sun tarar abin da take gani bai kai rabin haka ba. Duk da haka ta wadatar, don girman fallen ya rufa mata asiri.

Manyan shagunan aikin hoto kuwa na'ura mai ganga gare su, irin Heidelberg Tango ta Jamus. A shafa ruwa na musamman, a manna nagatif a jikinta, ta yi ta juyawa ana karanta shi ɗigo-ɗigo. Tana tono abin da ya ɓuya a duhun hoto, sai dai kowane falle da kuɗinsa. Ni dai hoton da za a buga ya cika bango kaɗai zan kai musu.

A gida, fim ya taɓa gilashi sai zobba masu launi su bayyana, waɗanda ake kira zobban Newton. Ga kuma ƙura. Fasahar Digital ICE tana share ta a fim mai launi, amma a baƙi-da-fari azurfar jikin fim ke rikita ta, dole a bi kowane ɗigo da hannu. Wanda ya gwada wannan aiki a Kano cikin hunturu, Allah ya ba shi haƙuri.