Inji ya gaji, aljihu ba nauyi: gyara za a yi ko canji?

Kowa ya san abin da tsohuwar mota take nufi a Imanan. Ita ke kwasar dankalin turawa daga garaken Bonkuku zuwa Yamai, ita ke kai bisashe kasuwar Baleyara ran Lahadi, wani lokaci ma ita ke kai mara lafiya asibitin Filinge cikin dare. To idan injinta ya fara hayaƙi yana shan mai, ga kuɗi kaɗan, mi ya kamata mai ita ya yi? Mun duba hanyoyi uku da ke gabansa.

Kafin komi, a tabbata injin ne ya mutu. Baƙin hayaƙi galibi daga injekta ne, ko famfon gazuwal, ko matatar iska da ƙura ta toshe, kuma wannan gyara ne mai sauƙi. Farin hayaƙi tare da ƙarewar ruwa a radiyata yana nuna juwan kulas ya ƙone. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi shi ne alamar inji na ƙona mansa, wato segma ko silinda sun cinye. A sa makanike ya auna matsin kowace silinda tukuna. Kada a sayi inji sukutum a kan ciwon da kuɗi kaɗan za su warkar.

Hanya ta farko, a buɗe injin a gyara: sabbin segma, fistan, kusine da juwan, a kai sandar da ke juya fistan wajen masu gogewa a Yamai. Amfaninta shi ne ka san injinka, ka san abin da aka sa masa. Injuna irin 2L, 3L da 5L na Toyota Hilux, ko 1HZ na Land Cruiser, ko OM352 na tsoffin manyan Mercedes, ba su da kwamfuta, makanikanmu sun san su ciki da waje. Amma fa sai in jikin injin bai tsage ba. Kuma kayan gyara na jabu sun yi yawa. Segma mai araha kan sa a sake buɗe inji kafin shekara ta zagayo.

Hanya ta biyu, a sayi injin okaziyo, wanda aka ciro daga wata mota a waje. Da, yawancin irin wannan kaya ta tashar ruwan Kwatano suke shigowa. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, sai aka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya ƙaru. Okaziyo ya fi saurin ɗorawa, sai dai ba ka san wahalar da ya sha ba. Je da makanikenka, a tada shi a gabanka, a duba mai ko ya gauraya da ruwa, a saurari ƙararsa. A rubuta takarda da mai sayarwa mai ɗauke da lambar injin da kwanakin da za a iya maido shi in ya nuna matsala. Wanda ya ƙi yarda a tada inji, a bar masa kayansa.

Hanya ta uku, a ɗora inji na wani iri, misali a cire na esansi a sa na gazuwal, ko a sa 5L mai lita 3 a gurbin 2L mai lita 2.4. Kuɗin injin ba shi ke nan ba: akwai ƙafafun da zai zauna a kai, haɗinsa da giya, radiyata, wayoyi, wani lokaci har tanki. Sannan kart giris na nuna irin man da mota ke sha da ƙarfinta, don haka sai an gyara takardu, in ba haka ba a sha tambaya a shingen jandarmomi.

Sai batun mai, wanda ake yawan mantawa. Daga Filinge zuwa Yamai kusan kilomita 180 ne, zuwa da dawowa 360. In inji na shan ƙarin lita 3 a kowane kilomita 100, tafiya ɗaya ta ci ƙarin lita wajen 11. A farashin sefa 618 da aka yanke wa gazuwal a Yulin 2024, kusan jika 7 ke nan. Mai zuwa sau huɗu a wata, ya lissafa na shekara.

Shawararmu: in jikin inji lafiya yake kuma akwai makanike amintacce, gyara ya fi. In ya tsage, a nemi okaziyo iri ɗaya da na motar. In kuwa ƙarfen ƙasan motar ya rube, giya ma ta gaji, kada a ci bashi a kanta, gara a sayar. Kuma duk abin da za a yi, a gama shi kafin haƙar dankali, domin dankali ba ya jiran mota ta fito daga garaji. A ware kuɗin canza mai da matatar iska tun daga farko, don ƙurar hanyarmu ce ta cinye na farkon.

Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a sana'a.